Na-Sani Da Fentin Fulawa

Aiken Na-Sani aka yi, ba taro aka gayyace shi ba. Yayarsa Mai Ƙanƙara ce ta ba shi takardar lasisin shagonta ya kai ofishin magajin gari a buga mata hatimi, tunda kullum cewa yake shekara ashirin da biyu ya yi yana masinja a gidan, babu ƙofar da bai san kukanta ba. Ya hau bene, ya karya hagu inda ya kamata ya karya dama, ya tura wata ƙofa, sai sanyi ya daki fuskarsa. Ɗaki ne babba cike da mutane, na'urar sanyaya wuri tana ta aiki, ga lemo da biskit a kan kowane tebur. Na-Sani ya dubi takardar hannunsa, ya dubi biskit, ya ja kujera.

Sunan nan ba iyayensa suka raɗa masa ba. Mutanen layinsu ne, domin ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Da ka ce, "Ka ji wai gobe…" zai ce, "Na sani." Ran nan ma haka ya yi. Awa uku aka yi ana bayani kan ɗumamar duniya, ya yi barcin biyu, ya farka daidai lokacin da wani mai tabarau yake cewa gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba, sai 'yan kasuwa da birane da unguwanni sun sa hannu. Ya ji an ce nan da mako biyu wata injiniya za ta zaga layukan gari, layin da ya fi ƙoƙari wajen rage zafi da hayaƙi a ba shi itatuwan dashe arba'in. Ya ga hoton wani gari da aka shafe rufin gidajensa da farin fenti, wai fari yana korar zafin rana. Na-Sani ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ce wa na kusa da shi, "Na sani," ya koma barci.

Ya dawo layi da koriyar hula da wani kati rataye a wuya. Yaya tana bakin shago tana fasa ƙanƙara da guduma.

"Ina hatimin?"

"Yaya, bar maganar hatimi. Duniya ce take ƙonewa."

"Ta ƙone. Ina takardata?"

Ya laluba aljihu ya fito da ita. Biskit shida ne a naɗe a ciki, maiƙo ya ratsa ta har ana hango wancan gefen. Yaya ta ajiye guduma a hankali, irin ajiyewar da ta fi ɗagawa ban tsoro.

"Auta," ta ce, don haka take kiransa duk da furfurar da ta cinye masa gemu, "shekara uku kana kwance a ɗakin bayan shagon nan. Da ka zo, wata biyu ka ce. Na ga firiza ta biyu, na yi cinikinta har mai ita ya roƙe ni in tafi, kuma babu inda za ta zauna sai ɗakin nan. Ka nemi wuri."

"Ki kori shugaba?"

"Shugaban me?"

"Kwamitin sanyaya duniya, reshen layin nan." Ya ɗaga katin wuyansa.

Yaya ba ta karatu, amma tana karanta ƙaninta. "Waye ya naɗa ka?"

"Ba a fito da shi fili ba tukuna. Ki ba ni wata uku."

"Kwana uku."

"Mako biyu, Yaya. Injiniya za ta zo. Idan layin nan ya ci itatuwa arba'in, inuwa har bakin shagonki, ƙanƙararki ta daina narkewa kafin mai saye ya kai gida. In na kawo miki wannan, ɗaki nawa ne."

Ta auna shi da ido kamar kayan da ake so a ɗora mata. "In ba ka kawo ba, firiza ta shiga, kai ka fita. Sharaɗi ɗaya kuma: ƙafarka kada ta taka rufina."

A kan rufin nan farantan sola huɗu suke, baƙaƙe masu sheƙi. Shekarar da mijinta ya rasu ta sayar da babur ɗinsa ta saye su, su suke riƙe da firizarta dare da rana. Duk layin kowa da janaretansa mai tari, ita kaɗai ce ba ta san warin fetur ba. Da kanta take goge su duk mako da tsumma a bakin doguwar sanda, ko 'yarta ba ta yarda ta taɓa mata.

Washegari Na-Sani ya kira taro a shagon Mai Aski. Mutum uku suka zo, ɗaya dama shagonsa ne. Mai Burodi ya zauna a bakin ƙofa yana fifita da murfin kwali, Bakanike ya tsaya daga waje don kada ya ɓata kujera da baƙin mai.

"Gwamnati ta gaza," in ji Na-Sani. "Da bakinta ta gaya mini. Ta ce sai da mu."

"Ita gwamnatin ce ta ce sai da kai?" in ji Bakanike.

"Ba ta kama suna ba, amma ni take kallo."

Mai Aski ya kama katin wuyansa ya matso da shi kusa da ido. "Nan *baƙo* aka rubuta."

"Haka ake rubuta wa manya, saboda tsaro."

Da dariya kawai za a yi a watse, sai dai zafin gaskiya ne. Mai Aski ya ce bana gashi manne wa mutane yake a wuya saboda gumi, sai ya kankare shi da cokali. Mai Burodi ya ce ƙullinsa yana tashi kafin ya juya baya, jiya ma ya tarar da shi ya sauko daga tebur yana neman ƙofa. Bakanike ya ce idan ya ajiye sifana a rana sai ya ɗauke ta da tsumma. Saboda haka da Na-Sani ya ce farin rufi zai rage musu wannan azaba, suka ce a gwada, in dai ba su za su hau ba.

Ya tafi wurin mai fenti ya tambayi kuɗin bokiti ɗaya. Da ya ji, ya ce shi ba shagon ya zo saye ba. Mai fenti ya fara bayanin cewa na rufi daban yake, ruwa ba ya wanke shi, Na-Sani ya ce, "Na sani," ya fita. A hanya ya yanke hukunci cewa fenti ba komai ba ne illa fari da abin da zai sa ya manne, kuma wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana liƙa ambulan ba za a koya masa manni ba.

Ya samo rabin buhun farar ƙasa. Ya karɓi buhu biyu na fulawar da ƙwari suka shiga daga wurin Mai Burodi. Ya roƙi sitaci wurin mai wanki. Ya zuba duka a duron Bakanike, ya tuttula ruwa, ya hau juyawa da wani tsohon ƙarfen mota.

Mai Burodi ya leƙa duron. "Wannan abin da kake haɗawa, in ka sa masa yis, gobe sai in sayar."

"Kimiyya ce. Matsa, kada numfashinka ya ɓata ta."

Da rufin Mai Aski aka fara. Na-Sani ya hau tsani da bokiti da tsintsiya, ya tsaya a sama ya yi wa layi jawabi cewa yau tarihi zai soma. Ya yi taku uku yana shafawa, a na huɗu kwanon ya ce ya gaji. Ƙafarsa ta dama ta burma har cinya, ta sauko cikin shago tana lilo daidai kan wani mutum da aka aske wa rabin kai.

Mutumin ya ɗaga ido. "Maigida, wannan fa?"

"Shugaba ne," in ji Mai Aski, bai ko tsayar da aska ba. "Sunkuyar da kai."

"Ku turo ni sama," in ji murya daga rufi.

"Akwai mutum biyu a gabanka. Ka bi layi."

Sai da aka gama askin nan tsaf, aka goge wa mutumin wuya, aka nuna masa ƙeyarsa a madubi, sannan Bakanike ya kawo jak na ɗaga mota ya sa a tafin ƙafar ya tura ta sama. Na-Sani ya sauko yana ɗingishi, ya ce dama yana da niyyar buɗe wa shagon hanyar iska, kuma ba zai karɓi ko sisi ba.

Cikin kwana huɗu ya shafe rufin layin kaf, ban da na Yaya. Abin haushin kuma shi ne, ya yi aiki. Ranar da ya bushe, Mai Aski ya kashe fanka da azahar. Mai Burodi ya taɓa bango ya sake taɓawa. Bakanike da bakinsa ya ce, "Shugaba," ko da yake ya yi tari bayan ya faɗa. Na-Sani ya zaga layin sau biyar hannu a baya, ya tsaya a gaban shagon Yaya ya ce ta gaya wa mai firiza ya nemi wani mai saye.

"Saura kwana tara," ta ce, ta ci gaba da fasa ƙanƙara.

Da safe tattabara ɗaya ta sauka a rufin Mai Burodi. Ta sa baki, ta ɗaga kai, ta sake sa baki, ta tashi. Ba wanda ya san abin da ta je ta faɗa, amma kafin hantsi babu tattabarar da ta rage a sauran gari. Suka rufe rufin baki ɗaya. Ƙarar bakinsu a kan kwano kamar ruwan ƙanƙara, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Mata suka fito da gudu kwashe shanya, suka tarar da rana tsaye. Abin da tattabarun suka ci a sama kuma, ƙasa suka riƙa mayar da shi, a kan burodi, a kan motocin gyara, a kan koriyar hula.

"Ka ce fari yana korar zafi," Bakanike ya faɗa masa a kunne da ƙarfi. "Ba ka ce yana kiran dangi ba."

"Alama ce mai kyau. A taron an ce idan tsuntsaye suka dawo, muhalli ya warke."

"To ya warke. Ka sallame su."

Na-Sani ya gwada tafi, suka ɗauka kiɗan cin abinci ne. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, suka mayar da shi wurin hutawa. A rana ta uku ya tuna tsuntsu ba ya son hayaƙi. Ya jawo tsofaffin tayoyi shida daga bayan garejin Bakanike, ya jera a tsakiyar layi ya cinna musu wuta.

Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ya tokare sama, sannan ya kwanto. Masu shaguna suka rufe ƙofofi. Mai Burodi ya fito yana hawaye, hanci a cikin riga.

"Wannan ba shi ne hayaƙin da ka ce yana ƙona duniya ba?"

"Wannan na wucin gadi ne. Na kwamiti ne, ba ya shiga lissafi."

"Duniyar ta san da haka?"

Tattabarun suka koma kan wayar lantarki suka jira. Da wutar ta mutu suka dawo, suka tarar an gasa musu abincin. Rufin da ya kwana fari ya wayi gari kamar gindin tukunya.

Sai aka sake sabon kwaɓi. Wannan karon farar ƙasa ta ƙare, fulawa ce zalla da sitaci, Na-Sani ya ƙara gishiri kwano guda don wai ya kashe ƙwari. Tattabaru ba su damu da gishiri ba. Waɗanda suka damu su ne awakin unguwa. Wata jar akuya ce ta gano hanya: ta hau matacciyar motar da ke jingine a garejin Bakanike, daga bayanta ta taka rufinta, daga nan ta haye katanga, sai ga ta a saman shago tana lasa. Kafin la'asar awaki tara ne a sama suna yawo daga rufi zuwa rufi, kwano yana kuka a ƙarƙashinsu. Mai Aski ya ce yanzu idan ƙafa ta burmo, sai ya duba kofato ne ko shugaba kafin ya yi gaisuwa.

Na-Sani bai karaya ba. Ya tsara aiki: awaki su lashe da rana, shi ya shafa da yamma. Ya ce ko a manyan ƙasashe haka ake yi, ana kiransa sabuntawa.

Saura kwana biyu injiniya ta zo, aka aiko wa Yaya cewa 'yarta ta haihu a can ƙarshen gari. Ta ɗaura gyale, ta miƙa masa makullin shago kamar mai ba da haƙorinta.

"Ka sayar wa wanda ya zo. Kada ka rage wa kowa. Kada ka buɗe firiza ka tsaya kana shan iska. Me na ce game da rufi?"

"Na sani."

"Faɗa."

"Ƙafata kada ta taka."

Da yamma ya hau rufin Mai Burodi, wanda yake manne da nata, don ya cike inda awaki suka lashe. Ya miƙe ya dubi layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, fari tas, sai wuri ɗaya. Farantai huɗu baƙaƙe suna zaune a tsakiyar aikinsa kamar ƙuda a cikin madara. Zuciyarsa ta ɓaci. Mai tabarau da bakinsa ya ce baƙi yana jan zafi. Ashe shekara da shekaru Yaya ce take ɗumama layin nan ba ta sani ba. Injiniya kuwa da ta hango wannan baƙin, shi ke nan, itatuwa sun tafi, ɗaki ya tafi.

Na-Sani mutum ne mai cika alkawari. Ya sauka ya ɗauko doguwar sandar da Yaya take goge farantan da ita, ya ɗaura tsintsiya a bakinta, ya koma rufin Mai Burodi ya kwanta rub da ciki. Daga nan ya miƙa sanda ya shafe su ɗaya bayan ɗaya, shafi uku-uku, har babu ɗigon baƙi. Ƙafarsa ko kusa da rufinta ba ta je ba. Ya jawo wata tsohuwar ƙofa ya tare tsakanin rufin biyu don kada awaki su ɓata masa.

Washegari da rana ya lura firiza ta yi shiru. Ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa ta, ya yi murmushi. Ya leƙa ya gaya wa Mai Aski cewa layin ya yi sanyin da har firiza ta ga babu amfanin ta wahalar da kanta.

Ranar zuwan baƙi Na-Sani ya wanke hularsa, ya sa aka share layi, ya ba Bakanike sanda ya tsare awaki a bayan gareji. Da hantsi mota ta tsaya. Injiniya ta fito, matashiya ce mai farin takalmi da littafi a hannu, tare da ma'aikata biyu na ofishin magajin gari da mai ɗaukar hoto. Mutanen layi suka taru, har da na layin baya waɗanda suka sha hayaƙin taya suka zo ganin sakamako.

Na-Sani ya hau benci a ƙofar shagon Yaya. "Ranki ya daɗe, manyan baƙi. Mako biyu da suka wuce na karɓi layin nan yana tafasa. Yau ku taɓa bango ku ji. Ban jira gwamnati ba, ban jira kamfani ba. Ni ne gwamnatin, ni ne kamfanin, ni ne…"

"Malam," in ji Injiniya, "ruwan me ne wannan?"

Kowa ya dubi ƙasa. Ruwa ne yake fitowa ta ƙarƙashin ƙofar shagon, ya zagaye ƙafafun benci, ya bi ta kan farin takalminta, ya nufi kwata.

"Raɓa ce."

"Da tsakar rana?"

"Sanyin ne ya yi yawa. Muna ƙoƙarin rage shi."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta shaƙi iska. "Wane irin fenti ne wannan? Warin ƙulli nake ji."

"Na gida ne. Ba ya cutar da muhalli. Ko ci ka yi ba abin da zai same ka."

"Wannan gaskiya ne," in ji Mai Aski daga baya. "Muna da shaidu, tara masu ƙafa huɗu."

Injiniya ta buɗe littafinta. "An rubuta mini cewa a layin nan akwai wata mai sayar da ƙanƙara da take aiki da sola zalla, shekara huɗu ba janareta. Ita kaɗai ce a duk yankin nan. Saboda ita muka fara da ku, muna so mu ɗauki hotonta mu nuna wa sauran 'yan kasuwa. Ina farantan?"

Na-Sani ya gyara hula. "Yayata ce. Da kin zo shekaranjiya da kin ga abin kunya, baƙaƙe ƙirin. Na gyara su." Ya nuna sama da alfahari.

Injiniya ta duba. Ta ja baya ta sake dubawa. Mai hoto ya sauke kyamara daga ido, ya mayar, ya sake saukewa.

"Ka shafe sola da fenti."

"Shafi uku."

"Malam, hasken rana take ci. In ka rufe ta…"

"Na sani."

"Me ka sani, Auta?"

Ba wanda ya ga saukarta daga motar haya. Yaya tana tsaye a bayan taro da ƙullin kayanta a ka. Mutane suka dare mata hanya. Ta bi ruwan da ido tun daga kwata har ƙofarta, ta karɓi makulli daga hannunsa ba tare da ta dube shi ba, ta buɗe shago, ta ɗaga murfin firiza. Ledoji ne suke iyo a ciki. Ta rufe, ta fito, ta ɗaga kai sama.

"Yaya, ƙafata ba ta taka ba. Ki tambayi Mai Burodi. Da sanda na yi."

"Wace sanda?"

Ya sauko daga benci ta ɗaya gefen, ya sa shi tsakaninsu.

Bakanike kuwa, jin an yi tsit, ya bar awaki ya zo kallo. Jar akuyar ba ta ɓata lokaci ba. Mota, katanga, rufin gareji, rufin Mai Burodi, sauran suna biye. Ta sa kai ta ture tsohuwar ƙofar da aka tare hanya da ita, ƙofar ta zamo ta faɗo tare da bokitin ragowar kwaɓi, bokitin ya kife a kan babban cikin ma'aikatan nan biyu, ya mayar da shi fari daga hula har takalmi. Tattabaru uku suka sauka a kafaɗarsa.

Awakin suka hau kan farantan da harshe. Gishiri shafi uku ba su taɓa samun irinsa ba. Jama'a suka tsaya baki buɗe suna kallon baƙi yana fitowa kaɗan-kaɗan, faranti na farko, na biyu, rabin na uku. Can sai aka ji wani abu a cikin shago ya yi gyaran murya, ya yi tari, ya kama gurnani. Firiza ta tashi.

"Malama, rubuta," in ji Mai Aski. "Jar ce shugaba."

Layi ya fashe da dariya, har ma'aikacin da bai sha kwaɓi ba. Na-Sani ya ce dama cikin tsarin ne, amma ba wanda ya ji shi.

Injiniya ta rufe littafi. "Mama, ki yi haƙuri. Layin nan bai ci ba. An ƙona taya, an zubar da abinci a rufi, an rufe sola. Itatuwa sai wani layin. Amma ki tsaya a ƙofar shago mu ɗauke ki hoto, kuma muna so ki zo taro na gaba ki gaya wa 'yan kasuwa yadda kika yi."

Yaya ta sauke ƙullin kanta. "'Yata, hoton na waye?"

"Na rahoton da za mu kai wa magajin gari."

"Wato ke ki kai fuskata a yaba miki, ni in zauna a rana. Itatuwa talatin."

"Mama, ba a cinikinsu. Gasa ce."

"To ki ɗauki hoton gasar." Ta kama ƙofar shago ta fara ja.

"Zan iya roƙa miki biyar daga ragowa."

"Biyar ko akuyar can ba za ta ƙoshi ba. Ashirin da biyar, kuma in zo taron da ƙafata."

"Takwas."

"Ki gaida magajin gari." Ƙofa ta kai rabi.

"Goma, Mama. Wallahi ba ni da iko da fiye da haka."

"Kin tsaya a cikin ƙanƙarata tun ɗazu, takalminki ya sha wanki kyauta. Sha biyu, da keji kowanne saboda awaki."

Injiniya ta dubi ma'aikacin da tattabaru suke ci, ta dubi mai hoto, ta sauke numfashi. "Sha biyu. Amma sai an ba ni sunan wanda zai riƙa ba su ruwa safe da yamma har shekara biyu. In ɗaya ya mutu, za mu kwashe sauran."

Layin gaba ɗaya ya juya ya dubi wuri ɗaya.

"Ni shugaba ne," in ji Na-Sani. "Shugaba tsarawa yake."

"Rubuta shi," in ji Yaya. "Bokiti yana da shi."

Da baƙi suka tafi, ya bi ta cikin shago yana murza hula. "Yaya, maganar ɗaki. In an duba da idon basira, ban faɗi ba. Itatuwa sun zo."

"Nawa ka ce za ka kawo?"

"Arba'in."

"Nawa suka zo?"

"Sha biyu. Amma ai…"

"Ni ba na cin haƙƙin kowa." Ta shiga ɗakin bayan, ta jingina dunduniya da bango, ta auna shi da tafin ƙafa ɗaya gaban ɗaya har wancan bangon. Ta dawo ta sake aunawa, ta tsaya, ta ja layi a ƙasa da gawayi. "Daga nan zuwa bango naka ne. Sauran na firiza. Ranar da itace ɗaya ya bushe, layin nan ya matsa."

Abin da ya samu ya isa tabarma ɗaya, in an naɗe gefenta. Na-Sani bai yi musu ba, don ya riga ya hango riba: wa ya taɓa samun kwana a jikin firiza a wannan zafi? Ranar da aka kawo ta ma shi ya nuna wa masu ɗauka yadda za su ajiye, fuskarta wajen ƙofa, bayanta wajen tabarmarsa. Ɗayansu ya buɗe baki ya ce, "Baba, ka san ta baya take fitar da…" Na-Sani ya ce ya sani.

Bayan mako guda Mai Aski ya leƙa ɗakin da azahar. Ya tarar da shi kwance a matse tsakanin bango da ƙarfe, ya dawo daga ban ruwa, hannuwa sun yi kanta, firiza tana hura masa iska mai zafi a gadon baya, gumi ya jiƙa tabarma har ya zana siffarsa.

"Shugaba, yaya aikin sanyaya duniya?"

Na-Sani ya share fuska da koriyar hula. "Ka ga ƙanƙarar da ake sha a layin nan? Duk zafin da aka cire daga cikinta, nan yake zuwa, a bayana. Ni kaɗai nake riƙe da shi, bai fita waje ba." Ya gyara kwanciya, ya ƙara manna bayansa. "Ka nuna mini gwamnatin da ta taɓa yin haka."

Daga cikin shago Yaya ta ɗaga murya. "Auta, itace na bakwai ya sunkuyar da kai. In zo da gawayi?"

Kafin ta rufe baki yana bakin famfo.